Ranar da Tsibiri Ta Yi Arziki

Talata Mafara,
farkon damina.

Zuwa ga taubashiyata Hadizatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Malam Bawa da dukkan mutanen Tsibiri. Ya ruwa, ya kuma haƙuri da zaman ɗar-ɗar? Allah ya kawo mana ƙarshensa. Tun da sabis ɗin waya ya ɗauke a wajenku na rasa mai zagina, shi ya sa na koma takarda. Gwadabe direba zai miƙo miki in ya taso daga kasuwa ranar Talata.

Kin daɗe kina tambaya wane aiki nake yi da har nake sa takalmi sau-ciki. To ga shi. An ba ƙungiyar da nake wa aiki binciken halin da ƙananan yara ke ciki a Mafara da Bakura da Maradun: abin da suke ci, inda suke kwana, wa ke zuwa makaranta, wa ya rame. In mun gama za mu jera garuruwan, daga wanda ya fi shan wuya zuwa mai dama-dama, sai a buɗe gidan kula da yara masu tamowa a inda abin ya fi tsanani. Guda ɗaya za a fara buɗewa. Ni na dage aka sa Tsibiri cikin garuruwan da za a duba, don na san abin da ya same ku tun da aka kore shanun garin, gonakin nesa kuma suka gagari noma.

Ni ba zan zo ba, aikina haɗa alƙaluma ne a ofis. 'Yan mata biyu za a turo, Amira da Husna, ki sauke su a gidanki. Abu ɗaya nake roƙo, kuma na san da wa nake magana: ki bar su su ga gida yadda yake. Ke ce in kin hango baƙo ko kazar maƙwabta sai kin yanka.

Ki gaishe da surukarki Zulaihat. Ɗanki Mujahid ya aiko daga Legas kuwa? Ki kuma shafa mini kan jikarki, amaryata Nagode, an ce an yaye ta. Ki gaya mata angonta na nan tafe.

Naki,
Abdulwahab.

*

Tsibiri.

Zuwa ga bawana Abdulwahab, mai takalmi sau-ciki,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ruwa ya yi gyara, maigidan ga yana amsawa. Takardarka ta iso da ƙanshin man jan Gwadabe.

Baƙinka sun zo, sun kwana, sun tafi. Yo Abdulwahab, ashe abin da aka kai ka makaranta ka koyo ke nan? A zo gidan mutum da wata faffaɗar waya kamar allon karatu, a zauna kan tabarmarsa, a sha ruwansa, sannan a tambaye shi sau nawa ɗiyansa suka ci abinci jiya? Tambayar da ko uwar miji mai baƙin hali ba ta yi. Ɗayar, mai gilashin, har leƙa rumbu ta so yi. Na ce da ita ɗiyata, a garin ga ko ɓarawo sai ya bari dare ya yi.

Ka ce in bar su su ga gida yadda yake. Ka manta da Marka ta Kaya ko? Shekarun baya irinku suka zo da zarensu na awon dantse, mai kore da ɗorawa da ja. Ita baiwar Allah ta ɗauka taimako ne, ta tuɓe wa ɗanta riga. Suka ɗauki hotonsa, haƙarƙari duk a waje. Ba a jima ba sai ga hoton an buga shi ƙato an manna a bango cikin birni, duk ɗan Kaya da ya je kasuwa sai ya gani. Yaron ya warke da ikon Allah, yanzu har kiwo yake, amma har yau sunansa Na-bango. Marka kuwa in ta shiga gidan biki sai mata su tura mata kwano gabanta suna haɗa ido. Abin da suka bar mata ke nan, da sabulu ɗaya.

Ku dai kun samu sana'a. Talaka ya zama gonarku, ku nome shi rani da damina, ku kai amfanin Gusau ku sha shayi a kansa. Tusa ba ta hura wuta, bawana. Mun ga masu biro iri-iri, ba mu taɓa ganin takarda ta zama tuwo ba.

Amma kada ka ji komai, ba mu ba ka kunya ba. Baƙonka annabinka, mun karɓe su yadda iyayenmu ke karɓar baƙi. Mai gilashin har cewa ta yi ba ta zaci haka Tsibiri take ba.

Mujahid shiru, sai dai addu'a. Amaryarka tana nan, haƙori ke ɗan damunta.

Uwargijiyarka,
Hadizatu.

*

Talata Mafara.

Yaya Hadizatu,

Sallama da gaisuwa irin ta addinin Musulunci. Allah ya sa kuna lafiya, ya ƙara wa Nagode sauƙi.

Zagin ya iso, na kuma karɓa. Maganar shayi ba ki yi ƙarya ba. Makon jiya muka je Gusau muka miƙa rahoto a wani babban ɗakin taro mai sanyi kamar randa. Manya suka cika kujerun gaba, kowa da tumbinsa, ana nuna musu hotunan alƙaluma a bango suna danna waya. Wani ma barci ya yi har aka kai ga adadin yaran da ba sa kai shekara biyar, bai farka ba sai da ya ji ƙarar cokula. Da aka zo jawabi kuwa shi ya fi kowa kuka da halin da yaran karkara ke ciki. Tir.

Amma ba wannan ya sa na rubuto ba. A jerin da muka miƙa, Tsibiri ce ta fito a can ƙarshe, wato garin da ya fi kowane wadata a ƙananan hukumomin uku. Ta fi unguwannin cikin Mafara. Kusan kowane gida akwai awaki. Kowane yaro da aka tambaya abin da ya ci jiya, shinkafa da nama. Duk dantsen da aka auna, kore ne. Shugabana har yaba garin ya yi a gaban jama'a, ya ce a je a koyo sirrinsu. An yanke cewa gidan tamowar a wani ƙauye bayan Bakura za a buɗe shi.

Hadizatu, ni ba baƙo ba ne. A Tsibiri aka yanke cibiyar uwata. Da ƙaramar salla da na zo, gidanki koko na sha ba suga, na kuma ga turakun awaki babu ko igiya. Na sake duba aikin Amira da Husna, ba su yi kuskure ba, abin da suka gani suka rubuta. Ruwa ba ya tsami banza. Me kuka yi?

Sannan a gidanki ba su rubuta yaro ko ɗaya ƙasa da shekara biyar ba. Ina Nagode take ranar?

Ina jiran amsa ta hannun Gwadabe.

Abdulwahab.

*

Tsibiri.

Bawana,

Sallama. Muna lafiya lau, ba ka ji ba? Ai mun fi kowa wadata, takardarka ce ta faɗa.

Wallahi ranar da na karanta wa matan unguwa wasiƙarka har guɗa aka yi. Tunda kun riga kun miƙa, bari in ba ka labari ka ƙaru, ko a makarantarku ba a koya muku wannan ba.

Da jin za a yi baƙi na tara mata, maigidan ga kuma ya je wajen maigari. Kowa ya tuna Marka, ba a sha wata gardama ba. Allah da ikonsa, Manu dillali ya taso da awaki daga Janbako zai kai kasuwa, hanya ta ƙi daɗi ya laɓe a garin ga. Aka roƙe shi ya ba da su kwana biyu, aka rarraba gida-gida aka ɗaure. Wata jar akuya mai karyayyen ƙaho sai da 'yan matanka suka rubuta ta a gida uku, ana fitar da ita ta bayan danga suna shiga ta ƙofa. Masu ilmi! Shinkafar da aka ɓoye ta iri aka sussuka, sauran kajin da suka rage aka bi su da wuƙa. Yara suka ci suka yi ƙat tun ana gobe za su zo, don mun ji cewa abincin jiya kuke tambaya. Aka fito da kayan salla daga ƙasan adaka, aka shafe kowa da mai, aka rambaɗa kwalli. Ka ga Tsibiri ranar, sai ka ce ɗaurin auren ɗiyar hakimi.

Yanzu ka ce mun yi asara. Asarar mi? Mutanen Bakura da suka ci, ai da tsiraicinsu suka ci. An ce har layi suka yi suna ɗaga rigunan ɗiyansu, kowace na rantsuwa nata ya fi ramewa. Allah ya kiyashe mu da wannan nasara. Su je su karɓi gyaɗar ledar da ake ba masu tamowa, a manna su a bango. Mu talakawa ne, ba mu musu ba, amma tsiyarmu tamu ce, ba ta nunin baƙi ba ce. Kai da ka koma birni ka manta da abin da ake kira rufin asiri.

Nagode ta je unguwa ranar. Ka cika tambaya kamar alƙali. Na ce maka haƙori ne da ɗan zafin yaye, ina ba ta jiƙo.

Hadizatu.

*

Tsibiri.

Zuwa ga Kawu Abdulwahab,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Kawu ina wuni, ya aiki, ya iyali? Allah ya ƙara girma. Ni ce Zulaihat matar Mujahid. Ka yi mini afuwa da na rubuto maka, na san ba hurumina ba ne. Inna ba ta sani ba, don Allah kada ta ji daga bakinka cewa ni ce. Na ji lokacin da take karanta tambayarka, na kuma ji amsar da ta ce za ta ba ka, shi ya sa na kasa haƙuri.

Ba unguwa aka je ba. Da safen da baƙin za su fara zagaye, Inna da wasu manyan mata suka bi gida-gida suna duba yara. Duk wanda rigar salla ta zauna masa aka bar shi. Duk wanda ta yi masa yawa, ko gashinsa ya yi ja, ko ƙafarsa ta kumbura, aka ce a kai shi bukkar gonar maigari ta bakin rafi ya wuni. Sun kusa cika bukkar. Tsohuwa guda aka bar musu da ƙwaryar kunu. 'Yar nan tawa tana cikinsu, da dare ma a maƙwabta aka kwantar da ita. Inna da kanta ta sa mata rigar, ta ga wuyan ya zamo har kafaɗa, ta tsaya tana kallonta, sannan ta cire ta ce a tafi da ita.

Da baƙin suka zo kaina suka tambaya ko ina da ɗa. Inna na zaune a gefena. Kawu ka san 'yar fari ce, ko ba komai ba zan iya buɗe baki in ce tawa ce a gaban Inna ba. Na sunkuyar da kai. Inna ta ce amarya ce, ba ta fara ba tukuna. Suka yi dariya suka yi mini addu'a Allah ya kawo masu albarka.

Yanzu ba ta iya zama sai an jingina ta. Ta daina kuka, sai dai ta bi mutum da ido. In na danna ƙafarta da yatsa wurin sai ya lotsa ya daɗe bai taso ba. Kunun ma in ta sha dawowa yake. Shinkafar iri an cinye ranar, kajin da ke ɗan yi mana ƙwai an yanka. Cikin yaran da suka wuni a bukkar an binne biyu, ɗan gidan Ishaku makeri da wata a unguwar gabas. An ce iska ce.

Ba na zagin Inna. Tana kwana da ita a jikinta, nata rabon abincin ma ita take ba, na sha ganinta tana share ido in ta zaci ba kowa. Amma in na ce a kai ta asibiti sai ta ce a kai ta a ce mi, bayan duk ƙasar ga an ji Tsibiri ba mai yunwa. Baba kuma abin da Inna ta ce shi ne. Ba na iya fita ba da izini ba, mijina ba ya nan. Kai kaɗai take jin maganarka, ko da zagi ne.

Ka taimake ni don Allah.

'Yarka,
Zulaihat.

*

Talata Mafara.

Hadizatu,

Sallama. Yau ba wasa tsakaninmu, ki ajiye taubasantaka gefe.

Na ji an yi rasuwa gidan Ishaku makeri da unguwar gabas. Gwadabe ba kurma ba ne, kuma yaran da suka wuni a bukkar bakin rafi suna da iyaye masu baki. Na san komai. Allah ya jiƙansu, ya sa masu ceto ne.

Na je wajen shugabana na kwashe labarin duka na gaya masa, da awakin Manu da bukkar. Na roƙa a sake tura mutane Tsibiri. Ya saurare ni yana juya makullin mota a yatsa. Ya ce rahoto ya riga ya wuce sama, an yaba, an buga. In muka ce gari ɗaya an yaudare mu, za a ce sauran ma haka ne, aikin gaba kuma a ba wasu. Ya ce in bari sai zagaye na gaba, bayan shekara biyu ko uku. Har ya dafa kafaɗata ya ce in rage sa zuciya a aiki. Na dube shi sai na ga ke. Shi ma akuyar aro ya ɗaure a ƙofar gidansa, ba ya son a leƙa bayan danga. Ku biyun kun dace, shi yana rufa wa takardarsa asiri, ke kina rufa wa zanenki, yara na mutuwa a tsakaninku.

Kin yi wa masu biro dariya, kin ci. To ga ribar. Gidan da na yi ta faɗa a kawo ƙofarki, wanda Zulaihat za ta taka da ƙafa ta kai 'yarta, yana can bayan Bakura. Matan da kika kira marasa kunya 'ya'yansu sun fara tashi zaune. Na je na gani da idona. Ba wanda ya manna su a bango, ko da an manna ma, Na-bango yana raye yana kiwo. Ɗan Ishaku fa, wane suna za a sa masa? Kayan aro ba ya rufe katara, Hadizatu, ke kika koya mini wannan karin maganar ina yaro.

Ba haƙori ba ne, kin kuma sani. Macen da ta raini yara kamar ke ba ta kasa gane tamowa. Ranar da kika cire mata rigar nan kin sani.

Na yi magana da ma'aikaciyar gidan, ta ce ba ruwanta da garin da yaro ya fito, a kawo shi kawai. Amma a layi za ki tsaya, cikin matan Bakura, za a tambaye ki sunan garinku a gaban kowa, za a tuɓe ta a auna. Ba ni da wata ƙofar baya da zan shigar da ke. Ranar Talata zan tsaya a tashar Mafara tun safe. In kin zo, mu wuce tare. In mutuncin ya fi ta, ki aiko Gwadabe ya gaya mini, in san ranar da zan zo gaisuwa.

Abdulwahab.

*

Tsibiri.

Abdulwahab,

Sallama. Bakinka ya yi kaifi, ɗan kawu. Za mu yi wannan shari'ar wata rana, ba yau ba.

Muna tafe ranar Talata in Allah ya kai mu, in kuma ya kai ta. Ni da uwarta. Matar mai faci da wasu uku sun ce za su biyo mu da nasu, ka gaya wa ma'aikaciyar. Maigari ya aiko a ce mini zan tona wa gari asiri, na ce a gaya masa ya zo ya ɗaga ta ya ji nauyinta.

Da asuba na buɗe adaka na ɗauko rigar sallar, don ban taɓa fita da ɗa cikin mutane ba ado ba. Na mayar. Ban shafa mata mai ba, ban sa mata kwalli ba. Da tsohon zanen da take kwana ciki zan goyo ta.

Ka kira mai gilashin nan ta zo da zarenta. Ka ce mata amaryar da ba ta fara ba tukuna, ga 'yarta.

Hadizatu.